Aldo Leopold: Malamin Dajin Da Ya Koma Koyar Da Manoma Da Maharba

A ƙasashen Afirka a yau akwai makarantun da ba su da wani aiki sai horar da ma'aikatan kula da namun daji. Akwai ɗaya a Mweka, a gindin Dutsen Kilimanjaro a ƙasar Tanzaniya, wadda aka buɗe a 1963. Akwai ta Garwa a Kamaru, wadda ta fara aiki a 1970, sa'an nan ga ta Nijeriya a New Bussa, kusa da Tafkin Kainji, tun 1978. Wanda ya ga yadda wannan fanni ya kafu zai zaci daɗaɗɗe ne kamar aikin likita ko na lauya. Alhali kuwa bai cika shekara ɗari ba. Littafin farko da aka tsara domin koyar da shi ya fito ne a 1933 a Amurka, kuma a cikin wannan shekara aka naɗa mawallafinsa shehun malami na farko a fannin a ƙasar baki ɗaya. Sunansa Aldo Leopold.

Ya shiga aiki ne da imanin cewa doka mai tsanani da ma'aikaci mai bindiga sun isa su tsare namun daji. Da tafiya ta yi nisa sai ya gane cewa mafi yawan namun suna zaune ne a kan ƙasar manoma, kuma rayuwarsu tana hannun magidantan da suka daɗe da wuce shekarun makaranta. Hausawa sun ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, amma shi da busasshen icce ya yi ta fama har ƙarshen ransa, wani lokaci ya ci nasara, wani lokaci ya sha kaye.

Tasowarsa Da Farkon Aikinsa

An haife shi ran 11 ga Janairu, 1887, a garin Burlington na jihar Iowa, a bakin Kogin Misisipi. Asalin iyayensa Jamusawa ne. Mahaifinsa yana da masana'antar ƙera tebura, kuma maharbi ne na sha'awa. A zamanin nan ana karkashe agwagin daji ana kai su kasuwa ba adadi, amma shi uban sai ya yanka wa kansa iyakar abin da zai harba a yini, ya kuma daina harbi da bazara, lokacin da tsuntsaye ke shirin saka ƙwai. Babu wata doka da ta tilasta masa yin haka. Yaron ya tashi yana bin uban nasa daji yana ganin wannan hali, ko da yake sai daga baya ƙwarai ya gane darajarsa.

Ya yi karatun gandun daji a Jami'ar Yale, ya gama a 1909. Nan da nan Hukumar Gandun Daji ta Amurka, wadda ita kanta shekararta huɗu kacal da kafuwa, ta ɗauke shi ta tura shi Gandun Apache da ke Arizona, can kudu maso yamma, ƙasar duwatsu da makiyaya. Aikinsa shi ne yawo a kan doki yana auna itatuwan da za su yi katako.

Akwai dabbobi biyu da ya kamata a san su kafin a ci gaba. Ta farko wata irin barewa ce wadda namijinta ke da ƙaho mai rassa, ita ce naman da maharban Amurka suka fi so. Ta biyu kuwa kyarkeci ne, amma na can ya fi na Afirka girma, kamar wani ƙaton kare, yana farauta a garke, yana cin barewa, in ya samu hali ya taɓa maruƙa da tumaki. Wata rana a cikin shekarar nan ta 1909, Leopold da abokin aikinsa suna cin abinci a kan wani tsauni, sai suka hango kyarkeciya ta ƙetaro rafi, 'ya'yanta suka tarye ta. Suka buɗe musu wuta ba tare da wani tunani ba, gama a lokacin ba wanda ke ganin kyarkeci ya ƙyale shi. Da ya sauka ya tarar da uwar tana gargarar mutuwa, ya tsaya yana kallon idonta har ta cika. Sai da aka shekara 35 kafin ya rubuta labarin wannan rana.

A 1912 aka ba shi shugabancin Gandun Carson a jihar New Mexico, ya kuma auri Estella Bergere, 'yar wani babban gida na ƙasar. Bai daɗe ba, a 1913, ruwa da sanyi suka rutsa shi a daji yana dawowa daga sasanta rikicin makiyaya, ciwon ƙoda ya kama shi, ya kusa mutuwa. Ya fi shekara guda yana jinya. Da ya warke ba shi da sauran ƙarfin yawon doki, saboda haka a 1915 aka danƙa masa harkar namun daji da kifi a ofishin yanki da ke Albuquerque.

A nan ne ya fara koyar da manya. Ya riƙa bin garuruwa yana tara maharba da makiyaya da 'yan kasuwa, yana yi musu lacca, yana kafa ƙungiyoyin kare namun daji. Yana da baiwar magana, mutane kuwa suka amsa, har tsohon Shugaban Ƙasa Theodore Roosevelt ya aiko masa da takardar yabo a 1917. Abu uku yake wa'azi a kai: a ɗauki masu gadin daji bisa cancanta ba don siyasa ba, a keɓe wuraren da ba a harbi, a kuma shafe kyarkeci da zakin dutse daga doron ƙasa. A 1920 ya tsaya a gaban wani babban taro ya ce kada a huta sai an kashe na ƙarshensu. Lissafinsa mai sauƙi ne: in babu mai cin barewa, barewa za ta yawaita, maharbi ya ji daɗi. Wannan darasi ya shiga kunnen jama'a sosai, har ya zo ya gagare shi cirewa daga baya.

Abin Da Ƙasa Ta Nuna Masa

Amsar wannan lissafi ta fito ne daga wani tudu mai suna Kaibab, a arewacin Arizona. A 1906 gwamnati ta hana harbin barewa a wurin, lokacin ana ƙiyasta ba su wuce 4,000 ba. Aka sa maharban gwamnati suka kashe ɗaruruwan zakunan dutse da dubban karnukan daji, kyarkecin da ya rage ma aka gama da shi. Barewa ta yi ta haihuwa. Zuwa 1924 waɗansu na cewa sun kai 30,000, waɗansu na cewa 100,000. Suka cinye duk wani ganye da bakinsu ke iya kaiwa, suka gwaguye ƙananan itatuwa tun ba su tasa ba. Har wani mutum ya ɗauki alkawarin tara jama'a su kora su zuwa ƙetaren babban kwarin nan na Grand Canyon, aka yi ta kaɗa gwangwani da ihu, ko ɗaya ba a ƙetar ba. Da hunturu ya zo sau biyu a jere, yunwa ta kashe su dubbai. Masana na baya, tun daga 1970, sun nuna cewa alƙaluman nan ƙiyasi ne kawai, kuma rage shanu da tumaki da aka yi a tudun ya taimaka wa barewar ta yawaita. Duk da haka ba wanda ya musa cewa dabbar ta fi ƙarfin abincinta, ta ɓata dajin, ta kuma hallaka kanta.

A shekarun nan Leopold yana rangadin duba gandayen yankin, idonsa kuma ya fara komawa ƙasa. Ya ga kwaruruka masu albarka sun zama kwazazzabai a cikin shekaru ƙalilan. Ya bi diddigi ya gano yadda abin ya faru: yawan kiwo ya cinye ciyawa, da ciyawa ta ƙare sai wutar daji ta rasa abin ci, da wuta ta daina bi sai sarƙaƙiya ta mamaye wurin, ruwan sama kuma ya riƙa kwashe ƙasar da ta zama tsirara. Wannan ya saɓa wa abin da aka koya masa a Yale, inda ake ɗaukar wuta a matsayin babbar abokiyar gaba. Shi ne kuma ya ba da shawarar a keɓe wani yanki na Gandun Gila, fiye da eka 500,000, kada a yi hanyar mota ko gini a ciki. An amince ran 3 ga Yuni, 1924, kuma shi ne wuri na farko irinsa a Amurka.

A wannan shekarar aka mayar da shi Madison, babban birnin jihar Wiskonsin, wani ofishin binciken katako wanda bai kwanta masa a rai ba. A 1928 ya ajiye aikin gwamnati. Ƙungiyar masu ƙera bindigogi da harsasai, waɗanda suka ga kasuwarsu za ta mutu in naman harbi ya ƙare, suka ɗauki nauyinsa ya binciko dalilin raguwar namun daji a jihohi takwas na tsakiyar ƙasar. Ya yi ta yawo yana tambayar manoma da tsofaffin maharba da malaman jami'a, rahotonsa ya fito a 1931.

Abin da ya gano ya sauya masa tunani. A waɗannan jihohi akwai dokokin farauta, akwai masu gadi, amma tsuntsaye irin su makwarwa sai raguwa suke yi. Ashe noman zamani ne ya share shingaye da 'yan kurmin da ke iyakar gonaki, aka yashe fadamu, aka saki shanu suka lashe sauran. Tsuntsu yana bukatar abinci da ruwa da mafaka da wurin yin sheƙa, kuma wanda ya fi ƙaranci a cikinsu shi ke yanke yawansa. Ko da hatsi ya zube ko'ina da kaka, in babu duhuwar da za ta ɓoye shi daga shaho da ƙanƙara a tsakiyar hunturu, ba zai ga bazara ba. Ɗan sanda ba zai iya dasa wannan duhuwa a gonar wani ba. Sai mai gonar ya so.

Karayar arzikin da ta faɗa wa duniya daga 1929 ta sa aka yanke kuɗin binciken. Ya zauna ba albashi, ga mata da 'ya'ya biyar, ya duƙufa kan rubuta littafin nan nasa mai suna Game Management. Jigon littafin shi ne cewa kayan da aka ɓata daji da su, watau gatari da garma da shanu da wuta da bindiga, su ne dai za a gyara shi da su, in an san lokaci da gwargwado. Wutar da ke ƙone sheƙa in an sa ta a kan kuskure, ita ce ke fito da sabon toho in an sa ta a kan kari.

Aji A Bakin Gona

Da Jami'ar Wiskonsin ta ba shi kujera a 1933, a tsangayar aikin gona aka ajiye shi, kuma cikin sharuɗɗan aikinsa har da fita wajen manoma kamar kowane malamin gona. Ya koyar a gajeren kwas ɗin da ake yi wa samarin manoma da hunturu, lokacin da babu aiki a gona. Ya riƙa magana a gidan rediyon jami'ar, yana bayyana yadda za a bar 'yan layukan masara a tsaye kusa da kurmi domin tsuntsaye, da yadda za a kewaye wani lungu da waya don kada shanu su shiga. Daga 1938 zuwa 1942 ya rubuta gajerun maƙaloli gommai a wata jaridar manoma ta jihar, kowace a kan abin da manomi zai gani a gonarsa a wannan watan.

Tun kafin haka ma, a 1931, shi da wani abokinsa sun tsaya neman ruwan sha a wata gona kusa da ƙauyen Riley, hira ta sarƙe tsakaninsu da mai gonar. Manomin ya koka da maharban birni masu shigo masa gona ba sallama, su kuwa suna neman inda za su gwada dabarunsu. Daga nan aka kafa wata ƙungiya ta haɗin gwiwa: 'yan birni su kawo kuɗi, manoma su ba da ƙasa da ƙarfi, a yi dashe tare, a ciyar da tsuntsaye tare, a yi farauta bisa ƙa'idar da aka yarda da ita. Abin lura shi ne da kukan manomin aka fara, mai ɗaki kuwa shi ya san inda yake masa yoyo.

Hanyar koyarwarsa ba ta da wuyar faɗi, sai dai wuyar yi. Yakan kai mutane fili ya tsaya gaban wani tsohon itace ya yi ta jefa tambayoyi. Me ya sa rassansa suka bazu haka, alhali na kewaye da shi sun miƙe siriri? Ashe a fili ya girma shi kaɗai, watau dā wurin makiyaya ce. To, yaushe aka daina kiwo a nan? A ƙirga shekarun ƙananan itatuwan. Wa ya gwaguyi wannan reshe, zomo ko barewa, kuma me tsayin wurin ya nuna game da zurfin ƙanƙarar bara? Ba ya ba da amsa sai mutum ya yi ta lalube. A ganinsa haddar sunayen halittu ba ta da amfani in mutum bai iya duban fili ya faɗi abin da ya faru a kansa jiya da abin da zai faru gobe ba. Gani ya kori ji, balle ga magidancin da ba ya son yaro ɗan boko ya zo ya karanta masa littafi. A 1939 ya buɗe wani darasi kan zamantakewar halittu wanda kowane ɗalibi ke iya shiga, ko lauya zai zama ko ɗan kasuwa. A 1942 ya gaya wa 'yan'uwansa malamai cewa horar da ƙwararru kaɗai ba zai wadatar ba, tun da guraben aikinsu kaɗan ne, gara a koyar da jama'ar da za su mallaki ƙasa su kuma jefa ƙuri'a.

Babban gwajin wannan ra'ayi an yi shi ne a kwarin Coon, a yammacin jihar, inda zaizayar ƙasa ta yi ta'adi ƙwarai. A 1933 gwamnatin tarayya ta zaɓi wurin, mai faɗin eka wajen 92,000, ya zama na farko da za a gwada gyaran ƙasar da ke zuba ruwa cikin rafi guda baki ɗayanta, kuma Leopold na cikin masu ba da shawara. Manoma 418 suka sa hannu a yarjejeniyar shekara biyar. Gwamnati ta ba da iri da taki da waya, ta kawo samari marasa aikin yi suka yi aikin ƙarfi. Aka koya wa manoma gitta kunya a jikin tudu maimakon miƙe ta daga sama zuwa ƙasa, aka fitar da shanu daga gangare masu tsayi, aka dasa itatuwa, aka toshe kwazazzabai.

Bayan shekaru sai ya duba sakamakon irin waɗannan shirye-shirye a jihar, ransa bai yi daɗi ba. Ya ce da wa'adin ya cika manoma sun riƙe dabarun da ke kawo riba nan take, sun watsar da waɗanda amfaninsu na jama'a ne. A 1937 majalisar jiha ta ba su ikon rubuta wa kansu dokokin amfani da ƙasa, aka shekara goma ba gundumar da ta rubuta ko ɗaya. A nan ya ɗan tsananta, gama binciken da aka yi a kwarin Coon bayan shekara arba'in ya nuna zaizayar ta ragu ƙwarai da gaske. Amma abin da ya ciro daga ciki yana da nauyi: in aka koya wa mutum cewa ya kiyaye ƙasa domin riba kawai, ranar da ribar ta ƙare ya daina. Mafi yawan tsuntsaye da furanni kuwa ba su da farashi a kasuwa.

Tafiya biyu suka ƙarasa juya shi. A 1935 ya je Jamus ya ga dazuzzukan da aka jera itatuwa iri ɗaya kamar sojoji, an kashe masu cin nama, ana ciyar da barewa da hannu, ƙasa kuma ta gaji. A 1936 ya je farauta a duwatsun arewacin Meksiko, inda kyarkeci da zakin dutse da barewa ke zaune tare, wuta na bi lokaci lokaci, rafuka garau, ciyawa ta rufe ƙasa. Daga baya ya ce sai a can ya gane duk tsawon aikinsa ƙasa marar lafiya yake gani yana zaton haka Allah ya yi ta.

A 1935 ɗin ne kuma ya sayi wata gona da aka noma har ta mutu, a bakin Kogin Wiskonsin, babu kome a kanta sai yashi da wani tsohon ɗakin kaji cike da kashi. Shi da iyalinsa suka kwashe, suka gyara ɗakin suka mai da shi masaukinsu na ƙarshen mako. Dashen farko na 1936 fari ya kashe kusan dukkansa. Suka sake, suka kuma sakewa, har suka dasa itatuwa kusan 40,000. Kullum da asuba yakan fita da littafinsa ya rubuta tsuntsun da ya fara kuka, da ranar da kowane fure ya fara buɗewa. Wannan rubutu bai tashi a banza ba. 'Yarsa Nina ta ci gaba da shi a wurin daga 1976, kuma a 1999 ita da abokan aikinta suka buga sakamakon kwatanta lissafin biyu: cikin alamomin bazara 55 da aka bi, wajen sulusi sun riƙa zuwa da wuri fiye da dā, abin da ya dace da ɗumamar yanayi.

Rigimar Barewa

Jarrabawa mafi tsanani ta same shi ne a gida. A arewacin Wiskonsin an daɗe da doka cewa namijin barewa kaɗai ake harbi, kyarkeci kuma ya kusa ƙarewa. Abin da ya faru a Kaibab sai ga shi yana maimaituwa. A 1942 aka ba shi shugabancin wani kwamitin jama'a kan batun. A watan Maris na 1943 ya ɗauki 'yan kwamitin da 'yan jarida zuwa inda barewa ke taruwa da hunturu, suka ga gawawwakin ƙananan da yunwa ta kashe, suka ga an cinye ganye har iyakar inda bakin manya ke kaiwa. Mafi yawan waɗanda suka je suka yarda cewa sai an rage garken, kuma ba a rage garke sai an harbi mata.

A shekarar nan gwamna ya naɗa shi cikin hukumar mutum shida da ke kula da albarkatun dajin jihar, hukumar kuwa ta buɗe kwana huɗu na harbin maza da kwana huɗu na harbin mata. Aka kashe barewa wajen 128,000. Tsarin bai yi kyau ba, domin maharba sun yi cincirindo a wuraren da mota ke kaiwa, suka yi ɓarna a can, lungunan da suka fi bukatar ragi kuwa ba a taɓa su sosai ba. Jama'a suka harzuƙa. Masu masaukin baƙi a arewa, waɗanda cinikinsu ya dogara ga baƙi masu son ganin barewa, suka kafa ƙungiya da jarida, suka yi ta yi masa ba'a da zagi wata bayan wata. Daɗin daɗawa, a 1942 kamfanin Disney ya fito da sinimar Bambi, labarin wani ɗan barewa da maharbi ya kashe wa uwa, zukatan mutane kuwa duk sun karkata can.

Waɗanda ya kai daji sun gani sun yarda, amma ba zai yiwu a kai jiha guda daji ba. Mutanen da ke zaginsa kuwa darasin da irinsa suka koyar shekara ashirin da suka wuce suke maimaitawa, watau a tsare mata, a kashe masu cin nama, yawa shi ne alheri. Aka koma harbin maza kaɗai, har akwai lokacin da ya rage shi ɗaya a hukumar yana jayayya. A 1945 ma, don ya sassauta fushin jama'a ya samu su saurare shi kan barewa, ya goyi bayan a mayar da tukwicin da ake biyan wanda ya kashe kyarkeci. Wannan sassauci bai saya masa kome ba, kuma zuwa wajen 1960 babu sauran kyarkeci a jihar.

Ana cikin wannan ne yake tara maƙalolinsa domin su zama littafi. Wani tsohon ɗalibinsa, Albert Hochbaum, ya karanta ya rubuto masa ba tare da kara ba. Ya ce rubutun na nuna kamar malam bai taɓa yin kuskure ba, alhali da hannunsa a shafe kyarkecin New Mexico, kuma mai karatu ba zai saurari wanda ke magana daga sama ba. Leopold ya yi ta kaucewa, daga bisani ya sallama. A watan Afrilu na 1944 ya zauna ya rubuta labarin kyarkeciyar nan ta 1909, ya amsa cewa shi ma dā ra'ayinsa ɗaya da na masu zaginsa. Wannan 'yar maƙala ta zama ɗaya daga cikin waɗanda aka fi sani a duk rubuce-rubucensa. A babin ƙarshe na littafin kuma ya kawo ra'ayin da ya daɗe yana nuna: cewa haƙƙin maƙwabtaka da mutum ya yarda yana kansa game da 'yan'uwansa mutane, ya kamata ya faɗaɗa ya haɗa da ƙasa da ruwa da tsirrai da dabbobi, mutum ya ɗauki kansa ɗaya daga cikin mazauna unguwar. Irin halin nan ne mahaifinsa ya nuna sa'ad da ya yanka wa kansa iyaka.

Kamfanonin ɗab'i suka yi ta mayar masa da littafin. Sai ran 14 ga Afrilu, 1948, aka bugo masa waya daga maɗaba'ar Jami'ar Oxford cewa sun karɓa. Bayan mako guda, ran 21 ga wata, yana gonarsa da iyalinsa suna dashe, wuta ta ƙwace daga gidan wani maƙwabci ta kama ciyawa. Ya ɗauki abin feshin ruwa ya tafi taimako, zuciyarsa ta buga a can, ya rasu yana da shekara 61.

Ɗansa Luna ya kula da fitar da littafin a 1949 da sunan A Sand County Almanac. Da farko cinikinsa kaɗan ne, sai da aka buga shi da araha a 1970 ya bazu, har aka sayar da fiye da miliyan biyu. 'Ya'yansa biyar duka sun zama masana kimiyyar halittu ko ta ƙasa. A Wiskonsin kuwa, daga 1949 zuwa 1951, hukumar ta buɗe harbin matan barewa shekara uku a jere, abin da ta hana shi yana da rai.

Kyarkecin kudu maso yamma ya kusa ƙarewa ƙaf, sai 'yan kaɗan da aka kamo a Meksiko aka riƙa kiwonsu a tsare. A watan Maris na 1998 aka saki 11 a Gandun Apache, inda Leopold ya fara aiki. Kafin shekarar ta ƙare an harbe biyar daga cikinsu. Ma'aikata suka ci gaba da saki, suna kuma bin makiyaya gida gida ana tattauna diyyar dabbobin da aka kashe da dabarun tsare garke. Ƙidayar ƙarshen 2023 ta nuna akwai aƙalla 257 a dazuzzukan Arizona da New Mexico.